Buhu ɗaya daban, matsakaicin buhu 16 daban

A shekarata ta farko a darasin ƙididdiga na ɗauka na gama da makin z, wato lambar da ke nuna nisan abu daga matsakaici, tun makon da aka koyar da shi: a cire matsakaici daga abin da aka auna, a raba da ma'aunin karkata, wato awon yadda bayanai suke bazuwa a kewayen matsakaici, shi ke nan. A gwajin farko sai na faɗi tambayar da na fi amincewa da amsata, domin an tambaye mu ne game da matsakaicin samfuri, wato 'yan abubuwan da aka ɗebo daga cikin masu yawa, ni kuwa na lissafa shi kamar abu ɗaya tilo.

Da buhunan masara na warware wa kaina matsalar. A ɗauka matsakaicin nauyin buhunan wani ɗan kasuwa kilo 100 ne, ma'aunin karkatarsu kuma kilo 4. Idan aka ɗora buhu ɗaya a sikeli ya ba da kilo 102, makinsa 0.5 ne, kuma babu abin mamaki, tunda kusan buhu 3 cikin 10 sun fi haka nauyi. Amma idan aka ɗebo buhu 16 ba tare da zaɓe ba, matsakaicinsu ya kai kilo 102, to magana ta canza. Masu nauyi da marasa nauyi suna cike giɓin juna, saboda haka matsakaici ba ya nisa da kilo 100 ɗin kamar buhu guda. Nasa ma'aunin shi ne 4 a raba da tushen 16, wato lambar da za a ninka da kanta a samu 16, sai a tashi da kilo 1. Makin ya zama 2, kuma samun haka ko fiye bai wuce kamar sau 2 cikin 100 ba.

Wannan tushen ne ya fi tsaya mini a rai, domin yana nufin wanda ke son rage kuskurensa da rabi sai ya ninka samfurinsa sau huɗu: daga buhu 16 zuwa 64 kafin ma'aunin ya sauko rabin kilo. Laplace, masanin lissafi ɗan Faransa, ya nuna a 1810 cewa matsakaitan manyan samfura suna ɗaukar siffar ƙararrawa idan aka zana su, wato su taru a tsakiya su ragu a gefe biyu, ko da asalin bayanan ba haka suke ba, shi ya sa jadawalin z, wanda ke nuna yawan yiwuwar samun kowane maki, yake aiki a nan.

Sharaɗin da aka fi saurin wucewa a aji, a ganina, shi ne na ɗiba babu zaɓe. Idan ɗan dako ya kwaso buhunan bakin ƙofa kawai, waɗanda aka cika rana ɗaya da mudu ɗaya, makin 2 ɗin ba ya faɗin komai game da sauran sito.