Taya Ɗaya, Aiki Biyu: Darussan da Na Koya a Shagon Taya da Filin Otokuros

Na shekara uku ina aiki a wani shagon sayar da tayoyi a jihar Ohio ta Amurka, kuma kafin in fara wannan aiki na ɗauka cewa na san taya, domin na tashi a Kano kusa da rumfar wani mai faci, inda na sha ganin yadda ake ɓamɓaro taya daga rim da ƙarfe da guduma, a nemo huda a cikin bahon ruwa, sannan a ba da iska har sai mai mota ya ce ta isa. A sanina na wancan lokaci taya iri biyu ce, sabuwa da 'yar Beljiyam, kuma ta ƙwarai ita ce wadda ta daɗe ba ta suɗe ba. Wata tsohuwar Mazda Miata ƙirar 1999 da na saya domin zuwa aiki ita ce ta rushe mini wannan sani, bayan abokan aikina sun ja ni zuwa wasan da ake kira otokuros.

Wasan ba tseren da aka saba gani a talabijin ba ne. Ana samun fili mai faɗi, kamar wurin ajiye motoci na filin wasa ko tsohon filin jirgin sama, a jera mazugan roba su fitar da hanya mai yawan kwana, sai motoci su riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya ana auna lokacin kowacce. Zagaye ɗaya bai cika wuce minti guda ba, gudun bai fi na babbar hanya ba, kuma duk mazugin da direba ya kayar za a ƙara masa daƙiƙa 2, wanda hukunci ne mai nauyi a wasan da sau da yawa tazarar na ɗaya da na biyu ba ta kai rabin daƙiƙa ba. Ƙungiyar masu wasan motoci ta SCCA, wadda aka kafa a 1944, ita ce ta fi shirya shi a Amurka, kuma tun 2009 take yin gasarta ta ƙasa a filin jirgi na birnin Lincoln da ke jihar Nebraska. Mafi yawan masu zuwa wasan ranar Lahadi da motar da suka yi wasan za su tafi aiki ranar Litinin, kuma daga nan ne matsalar zaɓen taya take farawa.

Da na yanke shawarar sauya tayoyin motata, sai na tambayi maigidana a shago, wani dattijo da ya tsufa a sana'ar, wace taya ce ta fi kowacce. Bai amsa mini ba. Ya ce in je in lissafo masa minti nawa motar take yi a filin wasa a shekara, da minti nawa take yi a kan titi, da kuma inda take kwana idan sanyi ya shigo. Na yi lissafin a bayan wata takardar rasit. Ina halartar wasa kamar sau 10 a shekara, kowane wasa zagaye 6, kowane zagaye kusan minti ɗaya, wato duka-duka awa guda a shekara. Zuwa aiki da dawowa kuwa minti 40 yake ci mini a kowace rana, ko ana ruwa ko ana sanyi, kuma motar a waje take kwana. Ya dubi takardar ya ce, “To ka ga, kana neman ka sayi takalmin da za ka yi sallar idi da shi, ka kuma shiga gona da shi.” Ba da waɗannan kalmomi ya faɗa ba, amma haka maganarsa ta zauna a kunnena. Ban ji shawararsa ba, na sayi abin da na ga masu cin gasa suna ɗaurawa.

Abin da suke ɗaurawa shi ne tayoyin da ake kira masu lamba 200. A Amurka doka ta tilasta a rubuta wa tayar ƙaramar mota lambar da ke nuna jurewarta ga suɗewa, kuma ana samun lambar ne ta hanyar gwada tayar tare da wata tayar ma'auni a kan wata hanya mai tsawon mil 400 kusa da San Angelo a jihar Texas, har a cika mil 7,200. A bisa ƙa'ida, mai lamba 200 ya kamata ta ninka mai lamba 100 daɗewa. Dokar SCCA ta ce a rukunin motocin da ba a yi musu manyan sauye-sauye ba, kada lambar tayar ta gaza 200, domin a hana mutane zuwa da tayoyin tsere zalla irin su Hoosier A7. Sai kamfanoni suka shiga gasar ƙera tayar da ta fi kowacce damƙar ƙasa amma tana ɗauke da wannan lamba, aka samu irin su Bridgestone Potenza RE-71R da magajiyarta RE-71RS, da Yokohama Advan A052, da Falken Azenis RT660, da BFGoodrich Rival S. Darasin da na ɗauka a nan, wanda daga baya na riƙa maimaita wa masu saye, shi ne cewa kamfanin da ya ƙera tayar shi ne yake sanya lambar bisa nasa gwajin, don haka ba a kwatanta 200 na wannan kamfani da 200 na wancan a ce daidai suke. A wannan aji na tayoyi lambar ta fi kama da tikitin shiga gasa fiye da alkawarin tsawon rai. Hankook Ventus RS4, alal misali, an san ta da jure zafi da daɗewa, shi ya sa masu doguwar tsere suke son ta, alhali 'yan otokuros sun fi son wadda za ta kama ƙasa tun daga kwanar farko ko da za ta ƙare da wuri, kuma dukkansu 200 ne a rubuce.

A ranar farko da na shiga fili da sababbin tayoyin na ji kamar an sauya mini mota. Sitiyari ya riƙa amsawa nan take, birki ya riƙa tsayar da motar a ɗan taƙi, lokacina ya ragu da kusan daƙiƙa 2 ba tare da na ƙara wata ƙwarewa ba. A kan titi kuwa sai kuɗin wannan daɗi ya fara fita. Bangon tayar yana da tauri, saboda haka duk wani rami ko tsagar kwalta sai na ji shi a ƙashin bayana, ga gunji a babbar hanya, ga tsakuwa da robar take tsinta tana watsawa a cikin mudugar. Zanen tayar ma bai kai na tayar yau da kullum zurfi ba tun tana sabuwa, kuma da ya ci rabi sai motar ta fara yin iyo a kan ruwan da ya kwanta a titi, domin babu isassun kwarin da za su kore ruwan daga ƙarƙashinta.

Sanyi ne ya fi ba ni tsoro. Robar irin waɗannan tayoyi an haɗa ta ne ta yi laushi da danƙo idan ta ɗumi, kuma idan yanayi ya sauka ƙasa da kimanin digiri 7 a ma'aunin Selshiyas sai ta fara sandarewa ta daina bin ƙananan tudu da kwari na kwalta, waɗanda su ne tushen damƙarta. Wata safiya a watan Nuwamba, titi a bushe babu ko ɗigon ƙanƙara, na shiga wata kwana da na saba shiga kullum da irin gudun da na saba, sai bayan motar ya zame ya juya da ni ina fuskantar inda na fito. Allah ya kiyaye babu kowa a hanyar. Laifin nawa ne, domin masu ƙera irin waɗannan tayoyi na lokacin zafi, waɗanda ake kira tayoyin bazara, sun rubuta ƙarara cewa ba a yi su don sanyi ba, har suna gargaɗin cewa robar tana iya tsattsagewa idan aka motsa ta cikin tsananin sanyi. Na karanta wannan gargaɗi ga masu saye ya fi a ƙirga, amma sai da motata ta juya a kan titi na yarda da shi.

Akwai kuma batun faɗi, inda na yi asarar kuɗi karo na biyu. Rubutu irin 205/50R15 yana nufin faɗin tayar milimita 205 ne, tsayin bangonta kashi 50 cikin ɗari na faɗin, kuma za ta hau rim mai inci 15. Dokar rukunina ba ta yarda in sauya faɗin rim ba, nawa kuwa inci 6 ne, amma ba ta hana in cusa masa taya mai faɗin 225 ba, ni kuma na ɗauka duk abin da ya fi faɗi ya fi kama ƙasa. Abin da na koya shi ne girman wurin da taya take taɓa ƙasa ya fi dogara da nauyin da ke kanta da iskar da ke cikinta. Motata ta ɗan haura kilo 1,000, kowace taya tana ɗauke da kimanin kilo 270, kuma da iska 30 a geji wurin taɓawar bai fi tafin hannu ba sosai. Faɗin taya siffar wannan wuri yake sauyawa, kuma yana taimakawa a kwana idan rim ɗin ya tallafe shi. Idan aka matse faffaɗar taya a siririn rim, bangonta yakan lanƙwashe ciki, sai ka murza sitiyari ka jira tayar ta gama murɗewa kafin motar ta bi. Na san ƙwararrun direbobi da suke cin gasa da wannan haɗi domin sun iya fara kwana da wuri, amma a hannuna 205 ta fi sauri, kuma agogo ne ya gaya mini haka.

Daga nan na koyi rubuta komai. Na sayi geji mai kyau da alli da ɗan littafi. Kafin kowane zagaye nakan shafa alli a kafaɗar taya, idan na dawo in duba iya inda ya goge. Idan gogewar ta gangara ta wuce ɗan alamar da ke bakin zanen zuwa bangon, tayar tana kwantawa da yawa, sai in ƙara iska. Idan allin bai taɓu ba, iskar ta yi yawa, sai in rage kaɗan-kaɗan. Na lura iska tana hawa da kanta bayan zagaye biyu saboda zafi, kuma tana sauyawa da kusan maki ɗaya a geji duk lokacin da yanayi ya sauya da digiri 5 zuwa 6, don haka awon da aka yi da asuba ba shi ne na azahar ba. A ranakun zafi nakan fesa wa tayoyin ruwa tsakanin zagaye da irin famfon feshin gona, domin robar da ta wuce kima a zafi takan yi santsi kamar an shafa mata mai. Na kuma gane cewa taya tana iya mutuwa alhali zanenta bai ƙare ba, domin duk ɗumi da hucewar da ta yi yana ƙara busar da robar, kuma zuwa aiki kullum yana cinye wannan rai a banza. Shi ya sa ba na karɓar taya sai na duba lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ke rubuce a bangonta wanda ya fara da haruffan DOT, inda 2319 ke nufin mako na 23 na shekarar 2019, lambar nan dai da jami'an hukumar kiyaye haɗurra a Najeriya suke nuna wa direbobi idan suna maganar tayar da wa'adinta ya wuce.

Darasin da ya fi yi mini ɗaci wata mata mai koyar da sababbin direbobi ce ta ba ni shi. A farkon wata kakar wasa na je da tayoyin titi na gama-gari saboda na wasan sun ƙare, ina ta ƙorafin cewa ba su da damƙa. Ta nemi makullin, ta zaunar da ni a gefenta, ta yi zagaye ɗaya, sai ga lokacinta ya fi nawa da daƙiƙa 3 a mota ɗaya da taya ɗaya. Ta bayyana mini cewa damƙar taya kamar kuɗin cefane ce, abin da ka kashe a birki ba za ka same shi a kwana ba, ni kuwa ina shiga kwana da gudu fiye da kima, ina ƙara murza sitiyari alhali tayoyin gaba sun riga sun zame, ina cinye kafaɗarsu a banza. Taya mai danƙo tana ɓoye irin wannan kuskure, ita kuwa tayar titi takan yi kuka tun kafin ta saki, kuma wannan kuka malami ne ga mai koyo. A ganina duk wanda bai cika shekara yana wasan ba bai kamata ya kashe kuɗinsa a kan masu lamba 200 ba.

Ga wanda dole taya ɗaya zai riƙe, kuma garinsu ba a yin dusar ƙanƙara, nakan nuna masa tayar bazara ta titi irin Michelin Pilot Sport 4S mai lamba 300 ko Continental ExtremeContact Sport mai lamba 340, in akwai girman motarsa. Zai rasa ɗan lokaci a fili, amma zai samu tayar da ta iya ruwan sama, ba ta da hayaniya, kuma za ta kai shi shekaru. Ni dai a ƙarshe na koma ga abin da maigidana ya so in gane tun ranar da na kai masa lissafi a bayan rasit. Na sayi rim huɗu na hannu masu faɗin da doka ta yarda, na ɗaura musu 205/50R15 masu lamba 200, ba sa taɓa titi sai daren Asabar idan akwai wasa washegari, kuma sauyawar ba ta ɗaukar mini fiye da minti 25 da jak da sifana mai auna ƙarfin ɗaurin noti. Sauran kwanakin motar tana kan tayoyin titi, daga Nuwamba zuwa Maris kuma tana kan na sanyi. Tayoyin wasan nakan wanke su a ƙarshen Oktoba, in rubuta wa kowacce kusurwar da ta fito da adadin zagayen da ta yi, in ɗaure su a baƙar leda, in saukar da su ɗakin ƙasa inda sanyi ba ya kai musu.