Yaushe rabonsa da fitsari?

Tambayar da nake fara yi wa uwa ke nan idan ta shigo ɗakin yara da goyo, jiki zafi rau, yaro ya yi laushi. Sau da yawa sai ta yi sororo tana kallona. Ita zazzaɓi ya kawo ta, ni kuma ina zancen fitsari.

Ranar Talata da dare, cikin sanyin nan na Jos mai ratsa ƙashi, wata baiwar Allah daga Unguwar Rogo ta kawo ɗanta mai shekara ɗaya da rabi. Ƙwayoyin cuta sun riga sun bi jininsa, abin da likitoci ke kira sefsis. Da na tambaye ta sai ta ce, "Sista, ai tun azahar famfas ɗinsa a bushe yake." Gabana ya faɗi, domin rashin fitsari na iya nuna ƙoda ta taɓu.

Gwajin jini ya fito, kiriyatinin lafiya lau. Hankalina bai kwanta ba. Kiriyatinin datti ne da tsoka ke fitarwa, ƙoda ta tace shi, kuma sai ƙoda ta yi kwana ɗaya ko biyu da samun rauni kafin ya hau. Ihu bayan hari. Ga yaron ramamme, ina tsokar da za ta ɗaga lambar?

Shi ya sa masana suka daɗe suna neman abin da zai tona asirin ciwon ƙoda da wuri. A 2005 likitoci a Cincinnati ta Amurka suka bibiyi yara 71 da aka yi wa aikin zuciya, suka ga wani sinadari mai suna NGAL yana tashi a fitsari cikin awa 2 ga waɗanda ƙodarsu ta taɓu. Sai dai a sefsis yana da ruɗu, domin fararen ƙwayoyin jini su ma suna fitar da shi idan suna yaƙi da cuta, sai ya hau alhali ƙoda ƙalau take. Ni sistatin C, wani sinadarin da ake aunawa a jini, ya fi kwanta mini ga irin yaranmu, tunda ba ruwansa da yawan tsoka. Akwai wani ma mai suna KIM-1, da ake aunawa a fitsari. Duk a takarda na san su, ban taɓa ɗiban samfur don ko ɗaya ba.

Abin da ke hannuna sikeli ne. In auna famfas a bushe, in sake aunawa idan ya jiƙe, giram ɗaya mililita ɗaya. Ƙa'idar da ƙungiyar masana ƙoda ta duniya, KDIGO, ta fitar a 2012 ta ce idan fitsari ya gaza rabin mililita ga kowane kilo a awa, har tsawon awa 6, ƙoda ta shiga matsala. Yaro mai kilo 10 ke nan cokalin shayi ɗaya a awa. Wani babban bincike kan yara da matasa 4,683 a sassan kulawa ta musamman 32 ya gano cewa kusan kashi biyu cikin uku na masu ƙarancin fitsari, kiriyatinin bai nuna komai a kansu ba.

Na kira likita. Aka gyara ƙarin ruwa, aka canza maganin kashe ƙwayoyin cuta jentamaisin da wani magani, na karɓe kwalbar ibufurofen da uwar ta sayo a kemis, domin duka biyun suna wahalar da ƙoda.

Ana kiran assalatu ta taɓo ni a hankali. "Sista, ya yi." Na ɗora a sikeli, giram 45 ya ƙaru. Na rubuta a fayil, na ce mata, "Maman yaro, na gaba ma kada ki yar, ki ajiye mini."