Bargon Ƙyallaye na Farko

Jakar ƙyallayen da telana ya tara mini ta kusa shekara a ƙarƙashin gado kafin na yi ƙarfin halin buɗe ta. Atamfa ce da shadda, har da guntun zanen goyon da mahaifiyata ta goya ni da shi. Da su na ɗinka bargona na farko a hunturun bara.

'Yar uwa, in za ki fara, ki wanke kowane ƙyalle tukuna. Wata jar atamfa ta taɓa zuba mini a kan farin yadi bayan na gama haɗawa, ranar har hawaye na yi. Sabon yadin auduga kuma yakan tsuke in ya sha ruwa, sai ɗinkin ya tattare.

Ki yanka kwali murabba'i mai inci 5, da shi za ki riƙa auna kowane yanki. Wajen haɗawa ki bar kwatan inci a kowane baki, kada ya ƙaru, kada ya ragu. Nan ne aikin yake, domin ɗan kuskure a layin farko zai zama babba a layi na goma. Duk layin da kika haɗa, ki goge bayansa da dutsen guga.

Hawa uku ne: fuskar ƙyallaye, tsohon bargo mara kauri a tsakiya, sai yadin baya. Ki fara ɗinke su daga tsakiya zuwa gefe.

Kusurwoyin nawa ba duka suka haɗu ba, amma a cikinsa autana yake kwana, yatsansa a kan guntun zanen kakarsa.