Layin da na manta da shi

Makon da na fara aikin duba layi a wata gasar tanis ta ƙwararrun mata a Legas, ba abin da nake taƙama da shi kamar idona. Tun ina sakandare a Kaduna nake riƙe raket, na zauna kwas ɗin alƙalanci, na haddace dokoki har ina yi wa wasu gyara. Gasar tana cikin ƙananan gasannin hukumar tanis ta duniya, ITF. Kuɗin kyautarta gaba ɗaya dala 25,000 ne a lokacin, kuma kaso mafi tsoka na wasan ɗai-ɗai ne. 'Yan bibbiyu ɗan abin da ya rage ake ba su, shi ɗin ma su raba biyu.

Don haka na raina wasan bibbiyu tun kafin in tsaya a kansa. Da yamma ake sa shi, bayan 'yan kallo sun watse, mu kuma rana ta gama gasa mu. A raina cikon benci ne.

Ranar Alhamis na yi wasanni biyu na ɗai-ɗai da safe, ina kan layin gefe. Da la'asar aka mayar da ni fili guda, gefe guda, amma wasan bibbiyu. Faɗin fili a wasan ɗai-ɗai mita 8.23 ne, a na bibbiyu 10.97. Wato akwai wani siririn lungu mai faɗin mita 1.37 a kowane gefe, wanda da safe waje ne, da yamma ciki. Na san wannan kamar yunwar cikina. Idona ne bai samu labari ba.

An kai 40-40, wato kunnen doki a ƙarshen gem, ƙaramin zagayen wasa. A bibbiyun waɗannan gasanni ba a jan zance: maki ɗaya ne ke raba gardama, masu karɓar sabis su zaɓi gefen da za a bugo musu. Wata 'yar Indiya ta karɓa, ta zura ƙwallon ta gefen wadda ke tsaye a raga. Ya sauka a tsakiyar lungun nan, ko kusa da layi bai je ba. Sai jin muryata na yi, da ƙarfi kuwa: “Aut!”

Nan take na gyara, amma bakin alƙalami ya bushe. Mai sabis tana gab da cim ma ƙwallon lokacin da na yi ihun, ta tsaya. Alƙaliyar kujera ta ce a sake buga makin, haka doka ta ce. Aka sake, 'yar Indiyar da abokiyarta suka rasa shi, gem ɗin ya tafi.

Na jira a zage ni. 'Yar Indiyar ta kalle ni sau ɗaya, kallon da har yau ina jinsa a ƙeyata, sannan ta juya wajen abokiyarta, wata 'yar gabashin Turai, suka taɓa hannu, suka rufe baki da ƙwallo suna ƙus-ƙus. Shi ke nan. Ba su da lokacina.

Bayan wasa wani dattijo cikin manyan alƙalai, mutumin arewa, ya same ni a bayan rumfa ina ta shan ruwa ba don ƙishi ba. Na ce, “Baba, wallahi na san dokar.” Ya ce, “Na san kin sani, 'yata. Kin ga lokacin da aka cire sandunan raga?” Ban gani ba. Idan za a yi wasan ɗai-ɗai a filin bibbiyu, ana tokare ragar da sanda biyu, idan za a koma bibbiyu a cire su. Ya ce shi duk sanda aka cire su, sai ya taka lungun da ƙafarsa daga wannan ƙarshe zuwa wancan, don jiki ma ya ji an sauya wasa. Na ɗauka tsarabe-tsaraben tsofaffi ne. Na gwada washegari, kuma ban daina ba.

Abin da ya fi zama mini a rai shi ne na 'yan matan. Daga baya na ji cewa waɗannan biyun ba su taɓa wasa tare ba sai a wannan makon. Haka abin yake a wannan mataki: 'yar wasa ta biya kuɗin jirginta da masaukinta, sau da yawa ba koci, ta iso ta fara cigiyar abokiya kafin a rufe rajista, a cike gurbi 16. Wasu ɗaki ɗaya suke kamawa don rage kuɗi. Wadda kika yi waje da ita da safe a ɗai-ɗai, ita ce za ta tsare miki raga da yamma. Mai tsayuwa a raga takan ɓoye hannu a bayanta ta nuna wa mai sabis: dunƙule, ina nan, buɗe, zan tsallaka in tare. Mai sabis ta amsa da kalma ɗaya, ta buga ƙwallon da zai wuce dab da kunnen wadda ta sani kwana uku kacal. Kuma bayan kowane maki sai sun taɓa hannu, an ci ko an zubar. Na ga wadda ta ɓata sabis biyu a jere a kan maki mai tsada, abokiyarta ta tako har layin baya ta miƙa mata tafin hannu, fuska ba yabo ba fallasa.

Ni kuwa kuskure ɗaya na yi, na kwana ina juyi. Su ba su da wannan gatan. Idan aka yi kunnen doki a set biyu, wato manyan zagayen wasa, ba a buga na uku cikakke, sai taibirek, wato gajeren wasan raba gardama na maki 10 da ratar biyu. Wahalar mako guda takan ƙare cikin minti goma, kuma wadda ta tsaya jimamin makin da ya wuce ta bayar da na gaba.

Yanzu yawancin manyan gasanni sun sallami irinmu. Wimbledon ma tun 2025 na'ura ke kiran layi. A ƙananan gasanni kuwa idon mutum ne har yanzu, wani lokaci ma alƙalin kujera shi kaɗai, 'yan wasa na tsintar ƙwallonsu da kansu.

Waɗancan biyun sun kai wasan kusa da na ƙarshe. Aka sake sa ni a layinsu. Kafin a fara ina taka lungun, sai 'yar Indiyar ta ɗago daga ɗaurin takalminta, ta nuna ƙasa da raket ta ce mini da Turanci, “Yau ciki ne, ko?” Na ce ciki ne.