Jirgin Amurka a Bakin Ƙofar Mutanen Turai

Takardar da na rubuta ta kammala karatun harkar yawon buɗe ido a Faransa, a kan Euro Disney, wurin wasanni na kamfanin Disney na Amurka, na yi ta. Duk wanda ya zauna irin ajinmu ya san labarin. An buɗe wurin a Marne-la-Vallée, gabas da birnin Faris, ranar 12 ga Afrilu 1992, aka ɗauko tsarin Amurka ɗungurungum aka dasa. Aka hana sayar da giya a ƙasar da mutane da yawa ba sa ganin sun ci abincin rana sai da kofin giya a gefen faranti. Aka ɗauka mutanen Turai ba su damu da karin kumallo ba, sai ga layi kowace safiya a otal-otal ɗin wurin. Asara ta yi ta hawa, a 1993 aka janye dokar giyar, a 1994 aka sauya suna zuwa Disneyland Paris. Na rufe takardata da cewa mutumin Turai ba ya karɓar kayan Amurka sai an yi masa kwaskwarima daidai da ɗabi'arsa. Malamin ya ba ni maki mai kyau, ni kuwa na naɗe wannan magana na sa a aljihu kamar laya.

Da ita na shiga aiki a wani ƙaramin ofishin shirya tafiye-tafiye a birnin Lyon. Mu huɗu ne, da mai wurin, wata dattijuwa da muke kira Madam, wadda ta fara sayar da tikiti tun ana rubuta shi da hannu. Ni aka ba teburin jiragen ruwa na shaƙatawa. Yawancin cinikinmu na MSC ne da Costa, masu tashi daga Marseille, sai kuma jifa-jifa wani ya shigo yana tambayar jirgin Disney, wanda tun 2007 ya fara zuwa Bahar Rum lokacin zafi yana lodi a Basalona.

Wanda ya fara saya a hannuna wani magidanci ne mai 'ya'ya biyu, mace 'yar shekara 5 da namiji ɗan shekara 8. Yaran ne suka matsa, shi kuwa da ganin fuskarsa ka san jan ƙafa yake yi. Ya tambaye ni inda jirgin zai tsaya. Nan layata ta motsa. Na ce a raina, wannan Bafaranshe ne, abin Amurka zai gundure shi, bari in danne wannan ɓangaren in fito masa da na Turai. Na shiga jero masa Naples da kangon Pompeii, da Civitavecchia ta zuwa Roma, da Livorno ta zuwa Florence da Pisa, da Villefranche kusa da Nice. Na yi ta zuba har ya saki fuska ya biya. Madam tana jin mu daga teburinta, ba ta ce uffan ba.

Bayan sun dawo ya shigo ofis, ba da faɗa ba, ya ja kujera ya zauna.

"Mushe," in ji shi, "Italiya ka sayar mini. Ni kuwa na san Italiya, sau uku ina zuwa Florence da motata. Kuma na san hanyar zuwa can da kwatar kuɗin nan."

Ya ba ni labarin ranar Roma. Daga tashar Civitavecchia zuwa cikin birnin tafiyar kilomita kusan 80 ce, sama da awa guda a mota, a zafin watan Agusta, da yara biyu, ga ido a kan agogo don kada jirgi ya tashi ya bar su. Villefranche kuwa dariya ta ba shi, don ƙanwar matarsa a can gefen take zaune. 'Yarsa an kai ta ɗakin wasan yara, ba ta yi rabin awa ba ta nemi uwarta, saboda wasannin da Ingilishi ake yin su, ita kuma ko "zo" ba ta sani ba. Sai maganar tukwici. Komai a cikin jirgin da dala ake lissafa shi, kuma ana ware wani abu kowane dare a kan kowane fasinja, har da yara, don sabis uku masu kai abinci teburi da mai gyaran ɗaki. A Faransa kuɗin hidima yana cikin farashin abinci, abin da ka bari a kan teburi alheri ne kawai, don haka ya ji kamar an zagayo masa ta baya.

Babu ko ɗaya cikin waɗannan da kamfanin ya ɓoye. Duk suna rubuce a takardar da ke cikin aljihun teburina. Ni ne ban karanta masa ba, don ina tsoron kada in kore shi.

Da ya fita na jira Madam ta wanke ni. Abin da ta ce kawai shi ne, "Yarona, ka tambaye shi ko yaran suna jin Ingilishi?" Na ce a'a. Ta ci gaba da aikinta.

Daga nan sai na koma ɗaya gefen, kamar wanda maciji ya sara ya ga tsumma. Duk wanda ya ambaci jirgin Disney sai in karkata shi zuwa na Italiya irin su Costa: ga araha, don kuɗin Disney sau da yawa yakan ninka nasu, ga rangwamen yara, ga sanarwa da Faransanci. A haka wata tsohuwa ta shigo da 'yarta, suna son kai jikanta ɗan shekara 4. Na fara karatuna, ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

"Ɗana, ba Italiya za ni ba. A can aka haifi mijina."

Ta yi mini lissafin da ban taɓa yi ba. Yaron gyaɗa ba ta karɓe shi ba, ko ƙwaya ya ci sai asibiti. Ta ji cewa a jirgin nan ɗakunan cin abinci uku ne, kowane dare ana kai ka wani, amma sabis ɗinka su ne dai ke bin ka duk inda ka koma, don haka sau ɗaya za ta yi bayani. Zuwa Florida kuwa, inda jiragen suke da mazauni a Port Canaveral, sai an yi awa tara ko fiye a sama, a nemi izinin shiga Amurka ta intanet, a sha bambancin lokaci na awa 6 da ƙaramin yaro. Gwiwarta ba za ta ɗauka ba. Basalona kuwa jirgin ƙasa ne daga Lyon, wajen awa biyar. Ta ce, "Tunda sun kawo mini Amurkar har bakin ƙofa, me zai sa in ƙi shiga?"

Da suka dawo ta kawo mini hoto. Ranar Roma ce. Tafkin wanka na saman jirgi fayau, daga jikanta sai wasu yara biyu, a bayansu ƙarafan ɗaga kaya na tashar Civitavecchia. Ta ce tun da sassafe Amurkawa suka yi sahu da ruwan gora da huluna suka sauka, su kuma suka yi zamansu. Cikin dare bakwai sau ɗaya ta taka ƙasa.

Na daɗe ina kallon hoton nan, don a cikinsa na ga inda takardata ta karkace. Jirgi ɗaya ne, amma tafiya biyu ake yi a cikinsa. Ba'amurke ya ƙetaro teku don ya ga Turai, jirgin shi ne gidansa: harshensa, kuɗinsa, abincinsa, lemon kwalba da ƙanƙara ba iyaka, da yamma ya dawo daga baƙon wuri ya tarar da abin da ya saba. Mutumin Lyon kuwa tashoshin ne gida, jirgin ne ƙasar waje. Ni da na tashi a Damagaram ya kamata in riga kowa ganewa, don ban taɓa jin ɗan Birni ya biya kuɗi don a kai shi ya ga fadar Sarki ba. Wanda na sayar wa tashoshi na sayar masa da abin da yake da shi. Tsohuwar kuwa ainihin abin da nake ɓoyewa ta zo nema.

Har batun lokaci ma haka ne. A Amurka babu dokar tarayya da ta wajabta hutun shekara mai albashi, shi ya sa wanda ya samu mako guda yake son ya haɗa ƙasashe uku a ciki. Ma'aikacin Faransa mako biyar yake da shi tun 1982. Ya saba ya kama gida a ƙauye guda ya yi mako biyu, ya san mai gidan burodi, ya san ranar kasuwa. Ka ba shi awa shida a Florence, a wurinsa ba ziyara ba ce, tsere ne.

Sannan ita kanta kalmar "mutanen Turai" da na yi ta maimaitawa a takardata, da aiki ya yi aiki sai na ga ba ta riƙe komai. Ɗan Birtaniya ba shi da matsalar harshe ko kaɗan. A 2021, lokacin da korona ta rufe hanyoyi, jirgin Disney Magic ya yi gajerun tafiye-tafiye daga Liverpool da Southampton da Newcastle da Tilbury don mazauna Birtaniya kawai, ba tare da tsayawa ko'ina ba, kuma mutane suka shiga. Ka ga a nan jirgin tsura aka saya. Bajamushe yana da kamfanin jiragen AIDA, mai mazauni a Rostock, inda komai da Jamusanci ne kuma tukwici yana cikin farashi, sai ka ba shi dalili mai ƙarfi kafin ya bar ta. Mutumin Sifen da ke cin abincin dare ƙarfe tara ko goma, ko zama na biyu na cin abinci a jirgin da ake yi bayan ƙarfe takwas ya yi masa wuri, balle na farko na wajen ƙarfe shida, wanda a wurinsa lokacin shan iska ne.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na ƙara sanin harkar shi ne, shawarar da na bayar a takardata an daɗe da bin ta. AIDA da Costa da P&O duk suna ƙarƙashin Carnival ne, kamfanin da ke Miami. Kuɗin Amurka ne sanye da rigar Jamus da ta Italiya da ta Ingila. Disney kuwa ta zo da rigarta ta gida, ta ƙi cirewa, kuma a ganina da ta cire da babu abin da ya rage na sayarwa. Wani abin dariya kuma, jirgin da ake cewa na Amurka a Italiya aka ƙera shi. Kamfanin Fincantieri ne ya ƙera Disney Magic, wanda ya fara aiki a 1998, Disney Dream kuma da ya fara zuwa Turai a 2023 a Papenburg ta Jamus kamfanin Meyer Werft ya ƙera shi. Tutar Bahamas suke ɗauke da ita, ma'aikatansu daga ƙasashe barkatai, fasalinsu kuma kwaikwayon manyan jiragen da ke ratsa Atlantika ne a shekarun 1930. Cikin bututun hayaƙi biyu na Magic ɗaya na ado ne.

Yanzu in aka tambaye ni ko mutanen Turai za su ji daɗin jirgin, ba na amsawa sai na ga wanda ke gabana. Tambayata ta farko ita ce ta Madam, amma na ƙara mata wutsiya: yaran suna jin Ingilishi, kuma kuna da niyyar barin su su kaɗai a ɗakin wasa? Wutsiyar ce muhimmiya. Jikan tsohuwar nan ma ba ya jin ko kalma, amma ita ba ta je don ta rabu da shi ba, kuma Mickey, ɓeran nan na Disney, da ke yawo a jirgin ba ya magana da kowane harshe, runguma ce da ɗaga hannu. Iyayen da ke mafarkin su ajiye yara su je su huta, su ne harshe ke kayarwa. Matashi ɗan shekara 14 da ba ya iya hira da sa'o'insa, shi kam ba na ba da shawarar a kai shi, zai yi mako guda da waya a hannu. Sai in faɗi maganar tukwici da dala tun kafin a tambaya, in rubuta jimlar a takarda da yuro. Wasu a nan suke miƙewa, kuma gara su miƙe a ofis. Ina kuma gaya musu babu gidan caca a jiragen Disney. Wani ya ji haka ya yi tsaki, wani kuma, musamman cikin iyalan Musulmi da ke zuwa wurina, a nan ne yake gyara zama.

Ni kaina, in don ra'ayina ne, kuɗin ya yi yawa, kuma fara'ar da ba ta yankewa daga safe zuwa dare takan gajiyar da ni. Amma ba ni ke tafiyar ba.

Magidancin nan ya dawo shekara ta gaba, abin da ban zata ba. Wannan karon na rufe bakina na bar shi ya yi magana. Ashe abin da yake so shi ne wurin da zai ajiye mota ya manta da ita, yara su yi ta gudu ba mai tsawata musu. Na samo masa wani gida a ƙauye kusa da Lucca, mako biyu, da itacen zaitun a tsakar gida. Ladan da ofis ya samu bai kai rabin na bara ba, Madam ta duba takardar ta sa hannu. Yana shirin fita sai ya juyo ya ce ɗansa har yanzu yana kwaikwayon ƙahon jirgin nan a banɗaki, kuma ya sa shi alkawarin za su koma in ya fara Ingilishi a makaranta.