Sun rufe gidan tarihin nan na gona

Jiya na bi ta tsohon gidan gonar nan da aka taɓa mayarwa gidan tarihi. Kwaɗo na tarar a ƙofa. Da na leƙa ta taga, babu komai sai ƙusoshi a bango da shatar inda lauje yake rataye a da.

Ban yi mamaki ba, gaskiya. Irin waɗannan ƙananan gidajen 'yan sa kai ne ke riƙe da su, yawanci dattawa, kuma kuɗin shiga ba ya gyara rufi. Tsohon gini kuwa da ya fara yoyo shi ke nan: takardu su yi fumfuna, katako ya ruɓe, ƙarfe ya yi tsatsa.

An ce kayan aro an mayar wa masu su, sauran an kai babban gidan tarihi. To, madalla. Amma dattijuwar da ke zagayawa da baƙi fa? Ita ta san wanda ya yi noma da kowace garma, da shekarar farin da ta sa ya sayar da shanunsa. Wannan bai shiga kwali ba. Can ma'ajiya lamba kawai za a manna wa garmar.

Shi kuma ginin, har an kafa masa allon sayarwa.