Hayaƙin risho da jirgin U-9

22 ga Satumba. Tun asuba ake tafka ruwa, ba wuta, gas kuma ya ƙare jiya da dare, Umma ta ce in jawo tsohon rishon nan na bayan ƙofa. Lagwanin duk ya ƙone, na fi minti goma ina fama da ashana, da ya kama kuwa hayaƙi ya turnuƙe kicin har ƙanina ya gudu tsakar gida yana tari.

Shago ba kowa, ruwa ya hana mutane fitowa, sai na zauna latsa waya da ɗan cajin da ya rage. A nan na ci karo da abin da ya faru rana irin ta yau a 1914, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, wlh har azahar ban ɗago kai ba. Wani ƙaramin jirgin ƙarƙashin teku na Jamus, U-9, wanda aka ƙera a garin Danzig (Gdansk ta Poland a yanzu) ya fara aiki 1910, mutanen cikinsa ba su kai 30 ba. Abin da ya ban dariya, ashe da kananzir yake tafiya in yana saman ruwa, sai ya nutse ne yake komawa batir, kuma farin hayaƙi yake tuttulowa wanda ake hangowa daga nesa. Na shinshina rigata, har lokacin warin rishon Umma take, na ce to su da ke kulle cikin ƙarfe fa?

Da safiyar ranar kwamandansa Otto Weddigen ya taso sama don cajin batir kusa da gaɓar Holan, sai ga manyan jiragen yaƙin Ingila uku, Aboukir da Hogue da Cressy, suna tafiya a hankali ba rakiya don iska ta kori ƙananan jiragen da ke gadinsu. Tsofaffi ne, sojojin Ingila da kansu abincin ƙugiya suke ce musu. Ya nutse ya sakar wa Aboukir topido, wato bom mai gudu a ƙarƙashin ruwa. Kyaftin ɗin ya zaci nakiya ya taka, ya kira sauran biyun su matso. Hogue ya zo ya tsaya cak yana sauke kwale-kwale don tsamo mutane, aka narka masa, Cressy ma ya tsaya, shi ma aka narka masa. Awa ɗaya da rabi, topido shida, mutum sama da 1,400 sun tafi, har da yara 'yan shekara 15 masu koyon aiki. Nan ne ya tsaya min a wuya. Bayan haka hukumar sojan ruwan Ingila ta hana manyan jirage tsayawa ceto a irin wannan hali.

Shi Weddigen bai daɗe ba, Maris 1915 jirgin yaƙin Ingila Dreadnought ya bi ta kan sabon jirginsa U-29, ba wanda ya fita. U-9 kuwa ya ga ƙarshen yaƙin, sai 1919 aka farfasa shi a Ingila.

Da magariba ina ba ƙanina labarin muna kankare baƙin tukunya, ya ce Yaya da kai ne kyaftin ɗin Hogue za ka tsaya? Na ce miƙo min soson ƙarfe. Ya sake tambaya, Umma daga ɗaki ta ce ku bar surutu ku rage lagwanin nan, lita ɗaya ce ta rage.